A Turo Mana Ɗaliban Jiyyar Aiki, a Kuma Ji ta Bakinsu

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin ruwa a ƙasar Yawuri ya san cewa da aikin hannu gari yake wayewa. Kafin rana ta fito masunta sun tura kwalekwale sun tafi duba taru da mamari, mata sun hura wutar bandar kifi, manoman albasa kuma sun sunkuya a kan fangalinsu. Daga Shanga har zuwa Wara ta Ngaski, abin da mutum zai ci daga hannunsa da ƙafarsa yake fitowa.

To, 'yan'uwa, mu ɗauka cewa wani magidanci daga cikin masuntan nan ya faɗi saboda hawan jini, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. An kai shi asibiti, ya rayu, an sallame shi da magani. Ya dawo gida yana takawa da sanda, amma ba ya iya ɗaure wandonsa, ba ya iya riƙe buta, balle gyaran koma. Likita ya gama nasa aikin. Wane ne zai koya masa sauran?

Wane ne malamin jiyyar aiki?

Akwai ma'aikacin lafiya wanda wannan ne aikinsa, mu kuwa a nan za mu kira shi malamin jiyyar aiki. Ya bambanta da mai gashin ƙashi, ko da yake sukan yi aiki tare. Mai gashin ƙashi yana lura da ƙarfin gaɓa da motsinta. Malamin jiyyar aiki kuwa tambayarsa ita ce, wane aiki ne mutumin nan yake yi kullum wanda ya gagare shi yanzu, ta yaya kuma zai koma gare shi? Wani lokaci yakan koya wa mutum sabuwar hanyar yin aikin, kamar sa riga da hannu ɗaya. Wani lokaci kayan aikin yakan gyara, misali ya naɗe ƙotar ludayi da robar tayar keke har ta yi kauri, domin yatsun da ba sa lanƙwashewa sosai su iya kamawa. Wani lokaci kuma gidan yakan gyara, ya sa a kafa sandar dafawa a bakin masai.

An kafa ƙungiyar farko ta masu wannan sana'a a Amurka a shekarar 1917, ƙungiyarsu ta duniya kuma a 1952. A Nijeriya aikin ya shigo a shekarun 1950, ya kuma fi samun gindin zama a asibitocin masu taɓin hankali. Doka mai lamba 38 ta shekarar 1988 ita ta kafa hukumar da ke yi wa masu shi rajista, tare da masu gashin ƙashi da masu gyaran magana. Duk da haka har yau ma'aikatan kaɗan ne ƙwarai a ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200, makarantun da aka fi sani kuma suna kudu maso yamma: akwai makarantar Gwamnatin Tarayya da ke Oshodi a Legas, wadda aka buɗe a farkon shekarun 2000, akwai kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Ondo.

Awa dubu a wajen aji

Ba a gama koyon wannan aiki a kan benci. Ƙungiyar duniya da muka ambata ta ƙayyade cewa kafin ta amince da horon wata makaranta, dole kowane ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,000 yana koyon aiki tare da masu jinya, a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Idan aka lissafta awa 40 a mako, mako 25 ke nan, wato kusan wata shida. Wannan shi ne abin da ɗalibanmu suke kira firaktikal. A nan ne ɗalibi yake fara taɓa hannun da ya shanye, ya ji nauyinsa, ya kuma gane cewa mai hannun yana jin kunya. Gani ya kori ji.

Amma inda aka tura ɗalibi shi ne yake yanke abin da zai koya. Wanda ya yi dukan awoyinsa a babban asibitin birni zai ƙware wajen koya wa mai jinya hawa bene, da zama a kan masai na kujera, da cin abinci da cokali a kan tebur. Ranar da aka kawo shi Ngaski zai tarar mutane suna kwana a tabarma, suna tsugunawa a bayan gida, suna cin tuwo da hannun dama, wanda shi ne ya shanye. Zai tarar keken guragu yana nutsewa cikin rairayin bakin ruwa, kuma babbar damuwar magidancin ita ce yadda zai shiga kwalekwale ba tare da an ɗauke shi kamar yaro ba. Littafin da ya karanta bai san taɓarya ba, bai san muciya ba.

Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasarmu. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara ajiye masu taɓin hankali a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, tare da danginsu, suna zama cikin jama'a suna karɓar magani, tsarin kuwa ya yi suna a duniya. A nan Arewa ma, a mazaunin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, wanda mishan na SIM ya riƙe tun shekarun 1930, noma da sana'ar hannu suna cikin zaman masu jinya. Abin da magabata suka gane shi ne, a inda mutum yake rayuwa a nan ake mayar da shi ga rayuwarsa.

Abin da bakin tafki zai koya wa ɗalibi

An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, tafkin da ya taru kuwa ya tashi mutane kimanin 44,000 daga garuruwansu da tsibiransu, ciki har da Gungawa da Kambari masu yawa na ƙasar Yawuri. Mutanen da suka sāke koyon zama a sabon wuri sun san abin da ake nufi da sāke koyon rayuwa, sun kuma iya ƙirƙirar abin da babu. Ɗalibin da ya zauna a cikinsu zai ga maƙeri da kafinta da mai facin taya waɗanda za su iya yi masa madogarin hannu ko kujerar yaro da kayan da ke kasuwar Yelwa.

Masu bukatar taimakonsa kuma suna nan. An tabbatar da cewa Nijeriya ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agusta na 2020, amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna tare da mu, sun girma, suna neman abinci. Akwai waɗanda suka warke daga kuturta amma tafin hannunsu ba ya jin zafi, har su ƙone a wurin banda ba su sani ba. Akwai tsofaffin da makantar bakin kogi ta kama. Akwai yaran da suka sha wuya a lokacin haihuwa, ba sa iya zama ko riƙe kai, uwa tana goye da su har sun shekara shida. Ga kuma waɗanda hatsarin babur ya bari da rauni.

Za a ce, to wa zai kula da ɗalibin, tun da samun ƙwararre a ƙauyukan bakin tafki abu ne mai wuya? Ƙasashe irin su Ingila da Kanada sun daɗe da wata hanya: ana tura ɗalibai biyu biyu, waɗanda suka yi nisa a karatu, zuwa wurin da ba a taɓa samun malamin jiyyar aiki ba. Wani ma'aikacin wurin yana lura da su kullum, ƙwararren kuma yana zuwa daga nesa lokaci lokaci, yana duba aikinsu. Yanzu da wayar hannu ta kai ƙauyuka da yawa, wannan ya ƙara sauƙi. Sai dai hanya ce mai hatsari idan ba a sa ido ba, gama ɗalibi na iya zama shi kaɗai da abin da ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa magana ta biyu ta zama dole.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo

Makaranta tana nesa, ba ta ganin abin da ke faruwa a wurin firaktikal. Abin da yake komawa gare ta sau da yawa shi ne littafin da mai kula ya sa wa hannu, littafin kuwa awoyi yake ƙirgawa. Ba ya faɗin ko ɗalibi ya yi makon yana koyon aiki ne ko yana ɗaukar fayil da zuwa aike. Ba ya faɗin sau nawa mai kula ya tsaya ya ga ɗalibi yana aiki. Mutum ɗaya ne ya san wannan, shi ne ɗalibin.

A nan ne tarbiyyarmu mai kyau take iya zame mana cikas. Mun koya wa 'ya'yanmu kada su ɗaga ido su dubi babba, kada su yi musu da malami. Idan aka tambayi ɗalibi yadda zaman ya kasance zai ce, “Lafiya lau, mun gode,” musamman idan wanda yake tambayar shi ne zai ba shi maki. Ɗaliba kuwa, idan wani ya matsa mata da maganar banza, ta fi kowa yin shiru. Haka za a sāke tura waɗansu wurin a shekara mai zuwa, su ma su tarar da abin da na gabansu suka tarar.

Inda ake yin abin da kyau, akwai ƙa'idodi kaɗan da ake bi. Ana tambayar ɗalibi a tsakiyar zaman, lokacin da gyara zai amfane shi, a kuma sāke tambayarsa a ƙarshe. Wanda yake karɓar amsa ba shi ne mai ba da maki ba, ko kuwa a jira sai an miƙa makin tukuna. Ana ba shi damar rubutawa ba tare da suna ba. Tambayoyin kuma suna da kai: masu jinya nawa ka yi aiki da su da hannunka? Sau nawa mai kula ya zauna da kai? Akwai abin da aka sa ka yi wanda ba a koya maka ba? Ina ka kwana, ka kuwa ji tsoro? Wane abu ne aka koya maka a aji wanda bai yi amfani a nan ba? Wannan ta ƙarshe ita ce take gyara manhajar makaranta. Daga bisani sai a gaya wa ɗalibai abin da aka canza saboda maganarsu, domin wanda ya yi magana sau biyu bai ga komai ba, ba zai yi ta uku ba.

Haka kuma ɗalibi yana da hakkin a gaya masa gaskiya a kan aikinsa. “Ka yi ƙoƙari” ba ta koyar da kowa. Mai kula nagari zai janye shi gefe a ranar, ba a gaban mai jinya ba, ya ce masa, “Ka nuna wa Baba yadda zai sa riga, amma ka yi ta yi masa da kanka, ba ka bar shi ya gwada ba. Gobe ka riƙe hannunka, ka jira.” Shi ma Baban a tambaye shi, gama shi ne zai zauna da sakamakon.

Namu rabon aikin

Kada mu ɓoye abin da zai sa makaranta ta yi jinkiri. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse kusa da Wara, mutane da yawa suka rasu. A watan Yuni na shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri. Babu shugaban makaranta mai hankali da zai turo 'ya'yan mutane sai ya san inda za su kwana, da hanyar da za su bi, da ko akwai rigar kariya a jirgin da za su hau. Wannan ma wani dalili ne na jin ta bakin ɗalibai, domin shaidar waɗanda suka zo suka koma ita ce za ta buɗe ƙofa ga na baya ko ta rufe ta.

Abin da ya fi ƙarfinmu na hukumomi ne: ma'aikatar lafiya ta Jihar Kebbi, da asibitocin Yelwa da Birnin Kebbi, da makarantun da kansu. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba mu madogarar tuna musu. Amma akwai wanda yake hannunmu. Ikkilisiya ko unguwa tana iya ba ɗalibai biyu ɗaki mai ƙofa da makulli. Zumuntar mata ta san gidajen da ake ɓoye yaro naƙasasshe, ita ce kuma za ta iya shigar da baƙo cikin mutunci, gidan Kirista ne ko na Musulmi. Matasanmu za su iya yin tafinta, domin tsohuwar da ke jin Gunganci ko Kambarci kaɗai ta faɗi abin da ke damunta. Iyaye kuma, idan yaro yana son aikin lafiya, su sani cewa ban da likita da nas akwai wannan sana'a, kuma ɗan Shanga da ya koye ta ba sai an gaya masa mene ne birgi ba.

In kuwa ɗaliban sun zo, ranar da za su tafi kada mu tsaya ga ba su busasshen kifi da albasa kaɗai. A sami dattijo ko dattijuwa wadda ba ta da hannu a makinsu, ta zaunar da su ta ce, “'Ya'yana, me kuka gani a wurinmu da ya kamata mu gyara?” Idan sun ce lafiya lau, a yi haƙuri a sāke tambaya. Abin da suka faɗa a rubuta, a aika wa makarantarsu, a kuma ajiye kwafi domin ranar da na bayansu za su iso.