Umaru Ganda, Sojan da Ya Ɗauki Kyamara

An haifi Umaru Ganda, Bazabarme, a Yamai a 1935. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka tura shi yaƙin Indochina, yankin da Biyetnam take a yau. Da ya dawo gida bai samu abin yi ba, sai ya gangara Abijan ya kama dako a tashar jiragen ruwa.

A can ya haɗu da Jean Rouch, Bafaranshen da ke binciken rayuwar 'yan ci-rani. Rouch ya sa shi jarumin fim ɗinsa Moi, un noir na 1958, inda Ganda ya fito a ɗan dakon unguwar Treichville, kuma muryarsa ce ke ba da labarin. Fim ɗin ya yi suna a Faransa, amma kyamarar tana hannun wani, kuma wani ne ya zaɓi abin da za a nuna daga rayuwarsa.

Wannan giɓin ne Ganda ya cike da fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a bikin fina-finai na Cannes a 1969. Shi ya shirya, shi ya fito jarumi, cikin harshen Zabarmanci. Labarin wani tsohon soja ne da ya dawo da kuɗi, abokai da maroƙa suka yi masa caa, yana ta facaka, kuɗin na ƙarewa kowa ya watse. Ganda bai ƙawata sojan ba, bai kuma wulaƙanta shi ba, domin ya san ciwon daga ciki. A ganina nan ne ƙarfin fim ɗin yake, kuma har yau bai tsufa ba.

Daga nan ya juya kan al'ummarsa. A Le Wazzou polygame, wani Alhaji ya dawo daga Makka ya auri yarinyar da aka riga aka yi wa miji, ta zama matarsa ta uku, abin ya ƙare da zubar da jini. Duk Bahaushen da ya kalla zai gane gidan. Wannan fim ne ya fara lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Fim ɗinsa Saïtane kuwa ya tona asirin malamin tsibbu mai cin amanar masu zuwa wurinsa.

Ya kammala L'Exilé a 1980, ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. FESPACO ta sa sunansa a kyautar da take ba darakta kan fim ɗinsa na farko, Yamai kuma ta sa shi a babbar cibiyar al'adunta.