KATIN ƊAN ƘASA DA AMANAR DA KE CIKINSA

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Damagaram zuwa Yamai ya san yadda abin yake. Da an iso shingen jandarma ko na ƴan sanda, sai direba ya tsaya, yaron mota ya ce kowa ya fito da takardarsa. Mai kati ya miƙa, a duba, a mayar masa. Wanda ba ya da shi kuwa sai ya sauka ya bi jami'i zuwa rumfa, sauran matafiya suna jiransa cikin rana suna tsaki. Saboda haka babu mai gardama a kan amfanin katin ɗan ƙasa. In babu shi, mutum ba ya buɗe ajiya a banki, ba ya karɓar kuɗin da ɗansa ya aiko masa daga Abijan, layin salula ma ba a sayar masa. Abin da jama'a ba su cika tambaya ba shi ne: bayanin da mutum ya bayar kafin a yi masa katin, ina yake kwana, kuma wa ke da ikon buɗe shi?

A da tambayar ba ta da nauyi sosai. Katin kwali ne, an buga sunan mutum da na mahaifansa, da garinsu, da sana'arsa, an manna hoto, ya dangwala yatsa da tawada. Da yawa daga mutanen karkara ba a rubuta ranar haihuwarsu ba, sai dai alƙali ya ba su takarda mai cewa an haife su wajen shekara kaza. Rajistar kuma tana cikin kabad a komisariyar da ta ba da katin. Wanda yake son ya san labarin wani mutumin Tasawa, dole ya je Tasawa, ya sami mai riƙe da makulli, ya yi ta buɗe shafi bayan shafi. Nisan hanya da ƙura da gara su ne suka tsare sirrin talaka a lokacin, ko da yake ba wanda ya ɗauke su wannan aiki.

Yau na'ura ta canza al'amarin. Kafin zaɓen ran 27 ga watan Disamba na 2020, hukumar zaɓe ta CENI ta yi wa mutane wajen miliyan 7 da dubu 400 rajista ta sabon salo, aka ɗauki hoton fuskarsu da zanen yatsunsu aka zuba cikin kwamfuta. A watan Janairu na 2025 ƙasashen ƙawancen Sahel, wato Nijar da Mali da Burkina Faso, suka ba da sanarwar fitowar fasfonsu na bai ɗaya, kuma cikin wannan shekara gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin ƙasar Libiya domin buga fasfo da katin ɗan ƙasa irin na zamani. Alfanun haka a fili yake: mutum ɗaya ba zai yi kati biyu da suna biyu ba, kuma jabu zai yi wuya. Sai dai abin da aka tara a wuri guda, a wuri guda ake kwashe shi. Bayanin mutum miliyan bakwai yana iya shiga cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsa ba. In an sace makullin gida sai a sayi wani kwaɗo a kasuwa. Wanda aka sace zanen yatsansa fa, ina zai sayo wani yatsa?

Wannan tsoro ba sabo ba ne. A watan Maris na 1974 jaridar Le Monde ta tona wani shiri na gwamnatin Faransa mai suna SAFARI, wanda nufinsa shi ne a haɗa dukan rajistocin hukuma ta hanyar lamba guda ga kowane mutum. Jama'a suka yi ca, aka jingine shirin, kuma ran 6 ga watan Janairu na 1978 aka yi dokar da ta kafa hukumar CNIL mai sa ido a kan masu tara bayanan mutane. Mafi muni shi ne abin da ya faru a Ruwanda. Tun cikin shekarun 1930 Turawan Beljiyam suka sa a riƙa rubuta ƙabilar mutum a kan katinsa, kuma bayan samun mulkin kai ba a share wannan layi ba. A 1994 masu kisa suka kafa shingaye a kan hanyoyi, suna duba kati, wanda aka ga an rubuta masa Tutsi ya halaka. Magatakardan da ya cika wannan layi shekaru kafin nan aikinsa kawai yake yi, bai san hannun wa takardar za ta faɗa ba.

Ƴan kasuwar Maraɗi masu zuwa Jibiya da Katsina sun ga wani darasi kusa da gida. A Nijeriya akwai lambar ɗan ƙasa mai alƙaluma 11 da ake kira NIN. A watan Disamba na 2020 aka ba da umarni kowa ya haɗa ta da layin wayarsa, mutane suka yi cincirindo a ƙofar ofisoshi, kuma a watan Afrilu na 2022 aka hana miliyoyin layuka kira saboda ba a haɗa su ba. Bayan duk wannan wahala, a 2024 wata ƙungiya mai suna Paradigm Initiative ta bayyana cewa wasu shafukan intanet suna sayar da bayanan ƴan ƙasar a kan naira 100 kacal. Hukumar da ke riƙe da rajistar ta musanta cewa an fasa rumbunta. Ko ma ta ina aka bi, naira 100 ba ta sayen mudun gero.

Amma haɗarin da ya fi kusa da mai karatu ba ya bukatar gwanin kwamfuta. Mai neman aiki, da mai shiga jarrabawa, da mai neman bashi, kowa yana barin kwafin katinsa a wani ofis. Shekara ta zagayo a share ofis, takardu su fita, wasu su ƙare a hannun mai tsire ko mai ƙosai ana naɗe abinci da su. Tun da hukuma ta tilasta rajistar layukan salula, har aka rufe waɗanda ba su da rajista a ƙarshen 2013, kwafin katin wani ya zama haja. Tsohuwa ta ba yaron maƙwabta katinta ya sayo mata layi, shi kuwa ya sayi biyu. Ran da aka yi zamba ko barazana da na biyun, sunanta ne zai fito, ita ce za a nema, ita da ba ta iya karanta saƙon ba ma. A yankunan da ake fama da ƴan bindiga masu neman kuɗin fansa ta waya, kamar kudancin jihar Maraɗi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Doka ba ta yi shiru ba. Ran 3 ga watan Mayu na 2017 Nijar ta sami dokarta ta farko ta kare bayanan mutum, wadda ta kafa hukumar HAPDP mai mazauni a Yamai, sa'an nan doka mai lamba 2022-59 ta ran 16 ga watan Disamba na 2022 ta maye gurbinta. Bisa ga wannan doka, wanda ya nemi bayanin mutum wajibi ne ya gaya masa abin da zai yi da shi, kuma ba ya da izinin ya juya shi ga wata bukata daban. Mutum yana da haƙƙin ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya sa a gyara kuskure, ya kai ƙara gaban hukumar in an cuce shi. Bayanin ƙabila da addini da lafiya da ra'ayin siyasa kuwa an ɗaure shi da tsauraran sharuɗɗa. Wannan nauyi yana kan kowane ma'aikaci mai riƙe da rajista, tun daga babban darakta har zuwa sakataren ofishin magajin gari wanda abokinsa zai roƙa ya duba masa adireshin wata ko shekarun wani.

Matsalar ita ce da Faransanci aka rubuta dokar, kuma daga Gure ko Madawa zuwa ƙofar hukumar tafiya ce ta yini guda ko fiye. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kamata a ji sassan wannan doka a gidajen rediyon karkara da azuzuwan yaƙi da jahilci. Kafin nan, akwai dabarar da ba ta cin ko dala: duk wanda zai bar kwafin katinsa a wani wuri, ya ja layi biyu a kansa da biro, ya rubuta tsakaninsu sunan ofishin da ya ba, da dalili, da kwanan wata. Kwafin da aka rubuta wa “domin jarrabawa” zai yi wuyar sayen layin salula.