Badujalar Samari a Ƙasar Hausa: Asalinta da Matsayinta

Kalmar badujala ta shigo bakin Hausawa ne tare da bariki. Da ita a ke kiran kiɗan soja na ganguna da bigila da sarewa, wanda a ke yi domin daidaita sawun mutane masu yawa su zama kamar mutum guda. Amma a garuruwa irin su Birnin Kudu da Gwaram, yawancin masu jin wannan kiɗa daga hannun 'yan makaranta su ke jinsa, ran 1 ga Oktoba, ko ran bikin yara na 27 ga Mayu, ko ranar wasannin makaranta. Yadda kiɗan ya baro bariki ya faɗa hannun yara, da abin da ya sauya cikin al'adar kiɗa sa'ad da ya yi haka, shi ne maganar wannan takarda.

Tun kafin zuwan Turawa ƙasar Hausa tana da kiɗa da busa na yaƙi da na sarauta. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, watau daga 1463 zuwa 1499, aka fara busa kakaki a Kano. Akwai tambari, da kuge, da farai, da ƙaho, da algaita. Amma ƙa'idodi biyu sun ɗaure waɗannan kayan. Ta fari, na sarauta ne: talaka ba ya sayen kakaki ya sa a busa masa, ko da dukiyarsa ta kai ina. Ta biyu, gado ne: ɗan makaɗi ke zama makaɗi, ɗan mabushi ke zama mabushi. M. G. Smith, cikin bincikensa na 1957 a kan roƙo, ya bayyana yadda maroƙi ya ke kusa da sarki a zaune, amma nesa da shi a daraja. Saboda haka ɗan malami ko ɗan hakimi ba ya rataya ganga, sai dai a wasan yara kamar tashe, inda a ke buga gwangwani da ƙwarya, azumi ya wuce a watsar.

Har wa yau, kayan fada magana su ke yi. Da ya ke Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, kakaki da kalangu suna kwaikwayon kalmomi, mai sauraro ya gane taken wane a ke yi. Kowane take yana da mai shi.

Kiɗan da soja suka kawo ya saɓa wa wannan duka. A 1863 Kyaftin Glover ya tara Hausawa a Ikko ya ba su bindigogi, wannan ce tushen rundunar da aka riƙa kira 'yan sandan Hausa. Daga 1897 Lugga ya shiga haɗa rundunar WAFF, wadda ta ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, Hausa kuwa ita ce ta zama harshen bariki. A cikin bariki bigila ita ce agogo. Ƙaho ne na tagulla wanda ba shi da ramukan yatsa, sai leɓe da numfashi kaɗai ke sarrafa shi, muryoyin da a ke amfani da su kuma ba su wuce biyar ba. Da waɗannan biyar a ke tada soja da asuba, a kira su fareti, a kira su abinci, a sauke tuta da magariba, a kashe fitila. Bigila ba ta ambaton sunan kowa, aiki kaɗai ta ke kira. Wanda ke busa ta kuwa albashi ya ke ci, ba ya jiran kyauta, kuma ba a tambayarsa sana'ar ubansa.

Hanya ɗaya da kiɗan ya bi zuwa ga yara ita ce ta majami'a. William Alexander Smith ya kafa ƙungiyar Boys' Brigade a Gilasgo ta ƙasar Sikotlan a 1883, da nufin horar da yara da fareti da karatun addinin Kirista, ta iso Ikko a 1908, daga baya ta bi 'yan mishan zuwa Arewa. Ta yi ƙarfi a ƙasar Jos da kudancin Zazzau da unguwannin Sabon Gari, har yau kuma gangunanta da bigilolinta na cikin abin da aka san ta da shi. Amma da ya ke gwamnatin Turawa ta taƙaita aikin mishan a ƙasashen sarakunan Musulmi, wannan hanya ba ta yi nisa cikin karkarar Kano ba, wadda Birnin Kudu da Gwaram ke ƙarƙashinta har aka yanke Jihar Jigawa a 1991.

Hanyar da ta ratsa wannan yanki ita ce ta makarantar gwamnati da ta En'e. Tun daga makarantar Ɗan Hausa ta Nassarawa a Kano a 1909, da Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, da makarantun midil da suka biyo baya, an tsara zaman makarantar kwana a kan tsarin bariki: ƙararrawa, sahu, tufafi iri ɗaya, duban tsabta, motsa jiki da sassafe. Ƙungiyar 'yan sikawut, wadda ta shigo Nijeriya a 1915, ta sami karɓuwa a irin waɗannan makarantu, gama ba ta ɗaure da majami'a. Kowace shekara ran 24 ga Mayu, watau ranar bikin daular Ingila, yara kan yi maci a gaban Razdan ko Di'o da sarki. Maci kuwa ba ya daidaita sai da ganga. Bayan yaƙin duniya na biyu tsofaffin soja suka dawo daga Bama, da yawa suka kama aikin ɗan doka da masinja da gadi, da haka masu sanin fareti suka bazu cikin garuruwa. A 1954 aka kafa kamfanin yara na soja a Zariya, wanda ya zama Makarantar Soja ta Nijeriya, inda aka haɗa karatun boko da horon bariki ɗungum. Yaron da ya taso daga Surko ko Gwaram ya shiga makarantar kwana, kamar wadda ta zama Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, irin wannan zaman ya ke tararwa.

A nan ne babban sauyin ya faru, ko da ya ke ba a yi shelarsa ba. A filin makaranta malami kan zaɓi mai ganga ne bisa ƙarfin damtse da kunnen jin bugu, mai bigila bisa numfashi, mai jan gaba da sanda bisa tsawo da kwarjini. Ɗan liman da ɗan dagaci da ɗan mahauci suka tsaya sahu ɗaya, ganga a rataye, ba wanda ya kira su maroƙa. Dalili kuwa a fili ya ke: abin da ke rage darajar makaɗi a idon Bahaushe roƙon da ke tare da kiɗan ne, badujala kuwa ba ta roƙo. Ba ta yabon kowa, ba ta zambo, ba a yi mata liƙi. Uban da zai ji kunya a ce ɗansa na bin kalangu a kalankuwa, shi ne zai zo filin fareti ya nuna wa maƙwabci ɗansa mai babbar ganga.

Ta fuskar addini ma ta sami ƙofa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin Kitabul Farƙi, ya zargi sarakunan Haɓe da shagala da kaɗe-kaɗe na banza, amma ya keɓe kiɗan da ke da manufa a shari'a, kamar tara runduna ko sanar da tashinta ko saukarta. Kiɗan da aikinsa tara jama'a da daidaita tafiya ya fi kusa da wannan kashi. Wannan bai kashe gardamar malamai a kan kiɗa ba, amma ya sauƙaƙa karɓar sahu da tufafin fareti. Bayan da aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, da Fityanul Islam a 1963, da Izala a 1978, kowacce ta tsayar da 'yan agaji masu inifam da maci, sun kuwa bambanta a kan abin da za a buga ko a bari.

Yana da amfani a dubi Amurka. Can ma tsofaffin soja ne, bayan yaƙin duniya na fari, suka kafa wa samari ƙungiyoyin ganga da bigila a ƙarƙashin ƙungiyoyinsu, irin su American Legion da aka kafa a 1919. Amma sannu a hankali ƙungiyoyin samarin suka tsaya da ƙafafunsu, har a 1972 suka haɗu suka kafa hukumar gasa ta kansu, da alƙalai da maki da tafiye-tafiyen bazara. A ƙasar Hausa galibi badujala ba ta rabu da uwar gijiyarta ba. Tana ƙarƙashin makaranta, ko majami'a, ko sansanin masu yi wa ƙasa hidima da aka fara a 1973, inda bigila ke tada matasa da asuba kamar yadda ta ke tada soja.

To, abin da ya 'yanta ta daga gado shi ne kuma ya bar ta ba magaji. Gidan makaɗan fada ya san yadda a ke fafe icen ganga, da jemar fata, da ɗaurin tsarkiya, ɗa ya koya wurin uba tun yana rarrafe, taken sarakunan da suka shuɗe ma yana ajiye a ka. Badujalar makaranta ba ta da irin wannan rumbu. Leɓen mai bigila ba ya ƙwari sai bayan watanni na busa kullum, yaron kuwa shekara uku ko shida zai yi ya tafi. Kayan daga waje a ke sayo su, kuɗinsu cikin kasafin makaranta ya ke, can ƙasa da alli da benci. Da aka buɗe ilimin firamare na kowa da kowa a 1976 makarantu suka yawaita ƙwarai, amma tsarin kwana da ya haifi wannan kiɗa bai yawaita tare da su ba. Shi ya sa a makarantu da dama tarihin badujala ba ya wuce tarihin malami guda: ya zo ya tara yara ya koya musu, aka yi masa canji, fatar babbar ganga ta fashe, aka ajiye bigila a sito ta yi tsanwa. Wanda ya gaje shi, in bai sami wannan horo a kwalejin horon malamai ba, sai ran 30 ga Satumba ya aika a nemo aron ganga daga makarantar da ke kusa.