Layi Biyu a Shago Ɗaya



A kasuwar hatsi ta Dandume ko ta Bakori, sai a auna masara, a ɗinke buhu, mota na jira, kuɗi kuma su maƙale a hannun mai POS don babu sabis. Shi ya sa masu shagunan kwamfuta a Funtua da Malumfashi ke haɗa layi biyu, MTN da Airtel ko Glo. Suna da hujja. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku irin su WACS da MainOne suka lalace, bankuna da dama sun tsaya cik a Najeriya.

Amma sayen layi na biyu rabin aiki ne. Kowane kamfani yana ba ka nasa adireshin IP, kuma duk saƙon da kwamfutarka ta tura yana ɗauke da adireshin da za a mayar wa amsa. In saƙo ya ɗauko adireshin wannan kamfani, rauta (na'urar da ke rarraba intanet) ta tura shi ta ƙofar wancan, ana iya watsar da shi, kamar buhun da ya iso sito da shaidar wani dillali. Ba mugunta ba ce: ƙa'idar BCP 38 ta shekarar 2000 ce ta shawarci kamfanoni da hakan, don toshe masu jabun adireshi. Sai ka ga fitilun rauta duk a kunne, shafi kuwa ya ƙi buɗewa. Haka in layi ya sauya kana tsakiyar tura kuɗi, banki na iya ganin baƙon adireshi ya kore ka.

Maganin shi ne a saita rauta ta riƙa duba inda saƙo ya fito tare da inda za shi, kuma aikin da ya fara a layi ɗaya ya ƙare a kansa.

Sai dai layukan waya biyu ma ba kullum suke ceto ba. A Satumbar 2021, da aka rufe sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Funtua da Malumfashi, duk layukan waya tare suka ɗauke. Mai hali sai ya sa layinsa na biyu ya zama na tauraron ɗan Adam, tunda Starlink ya shigo Najeriya a 2023.

Don Allah masu shaguna, kafin ku sallami mai haɗa muku, ku sa ya zare layi ɗaya a gabanku, ku ga ko ɗayan zai ɗauki aikin.