Yadda Ake Kare Rumbun Kwamfuta Daga Tsatsa

Rumbun adana bayanai na farko da kamfanin IBM ya fitar a Amurka a shekarar 1956 yana da faya-fayai hamsin, kowanne an shafe shi da fenti mai garin ƙarfe, ɗan'uwan tsatsar da muke gani a jikin tsohon kwano. A kan wannan fenti ake rubuta bayanai. Yau kuwa tsatsa na cikin manyan abokan gaban rumbun.

Dalili shi ne kusanci. Faifan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, allurar da ke karanta shi kuma tana shawagi a samansa da tazarar 'yan nanomita kaɗan, alhali kaurin silin gashi yakan haura nanomita 50,000. Ɗigon tsatsa da ido ba ya gani ya isa allurar ta yi karo da shi, ta kankare lissafin shago ko takardun ofis na shekaru.

Shi ya sa ba a yin faifan da ƙarfe ɗaya. Ƙashinsa alminiyom ne da aka gauraya da magnisiyom, don ya yi ƙarfi ba tare da nauyi ba. A ƙananan kwamfutoci sau da yawa gilashi ne. A kan alminiyom ɗin ake ɗora nikel da fosforos, a goge shi ya yi sumul. Sai shimfiɗar maganaɗisu, wadda akasarinta kobalt ne. Nan matsalar take, domin kobalt ba ya jure laima. Ana haɗa shi da kuromiyom da filatinom, sannan a lulluɓe shi da kabon mai tauri, kaurinsa nanomita biyu zuwa uku. Injiniyoyi na son rage wannan lulluɓi don allura ta ƙara matsowa, faifai ya ɗauki bayanai da yawa. Amma in ya yi siriri ainun, sai laima ta sami ƙofa.

Maganaɗisun da ke motsa hannun allurar, na niyodimiyom da baƙin ƙarfe, shi ma mai saurin tsatsa ne, don haka ake rufe shi da nikel.

Duk da haka, yawancin rumbuna suna da ƙaramar ƙofar iska mai matata, ban da waɗanda aka cika da iskar hiliyom aka toshe, irin da kamfanin HGST ya fara sayarwa a 2013. Saboda haka wanda ya ajiye rumbu a ɗaki mai danshi da damina, ko ya fito da shi daga sanyin na'urar sanyaya ɗaki zuwa zafi, ya bar shi ya huta kafin ya kunna, kuma ya riƙe kwafin bayanansa a wani wuri daban.