Lambar da ta gagari rumbun sarki

Malamanmu da suka karanta Wafayatul A'ayan na Ibn Khallikan, wanda ya rayu a ƙarni na 13, sun san labarin. Wani mai hikima a ƙasar Indiya ya ƙirƙiro wasan shaɗaranji, irin darar nan mai gida 64, sarki ya ce ya faɗi tukwicinsa. Sai ya roƙi ƙwayar alkama ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ninkawa har gidan ƙarshe. Sarki ya raina roƙon, amma da ma'aji suka zauna lissafi sai ido ya raina fata.

Jimlar ita ce 18,446,744,073,709,551,615. Tun wajen shekara ta 1000 Albiruni ya riga ya fitar da ita, ba na'ura, ba kwamfuta. In aka auna ta da alkamar da duniya ke nomawa yau, sai an yi fiye da shekara dubu ana girbi kafin a biya mutumin nan.

Mu ma ninki yakan ruɗe mu, shi ya sa masu cewa "kawo kuɗinka mu ninka maka duk wata" ba sa rasa kasuwa a zangonninmu. Sidi ɗaya tak, in da gaske ana ninka shi duk wata, cikin wata 30 ya haura sidi biliyan ɗaya. To, daga aljihun wa za a biya?

Su kuwa masana lissafi ba girmanta ya dame su ba, abin da ke cikinta suke dubawa. Lambar mara ce, ba ta rabuwa biyu daidai. Sai dai ba ta cikin lambobin nan gagara-rabo, irin su 7 da 13, waɗanda ba abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. In aka farfasa ta, gagara-rabo bakwai ake samu, kowace sau ɗaya: 3, 5, 17, 257, 641, 65,537 da 6,700,417.

A nan ne labarin ya fi yi mana daɗi. A ƙarni na 17 Bafaranshe Pierre de Fermat ya lura cewa 3, 5, 17, 257 da 65,537 jeri ɗaya ne: ka cire 1 daga kowace, ka ninka abin da ya rage da kansa, ka mayar da 1, sai ta gaba ta fito. Duk biyar ɗin gagara-rabo ne, don haka ya ɗauka haka jerin zai tafi har abada. A 1732 Leonhard Euler ya nuna cewa ta shida, 4,294,967,297, tana rabuwa da 641, a sami 6,700,417. Lambobin Fermat shida na farko, in aka ninka su da juna, alkamar sarki ce cif.

Tana kuma cikin aljihun yawancinmu. Wayoyin zamani suna lissafi ne da gurbi 64, kowane gurbi ko 0 ko 1. In duk gurabun suka cika da 1, wannan lambar ce ke fitowa, kuma in aka ƙara ɗaya a kai sai ƙirgar ta koma sifili.