BABI NA BIYU: TARUKAN MASANA DA ILIMIN NAƘASASSU A ƘASAR KUKI

2.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana ma'anar taron ƙara wa juna sani da irin tasirin da yake yi ga ilimin naƙasassu, waɗanda a yau aka fi kira masu buƙata ta musamman. An kuma duba rawar da fasahar koyarwa da kafafen sada zumunta suke takawa, sannan aka kwatanta duk wannan da halin da ake ciki a Kuki, wadda take da mazaɓu 2 a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma, maƙwabciyar Kurfi.

2.1 Ma'anar Taron Ƙara wa Juna Sani

Taron ƙara wa juna sani zama ne da masana wani fanni suke yi domin kowa ya baje kolin abin da ya gano a bincikensa. Yawanci wata jami'a ko ƙungiyar masana ce take kiran taron, ta tsayar da jigo, ta nemi maƙalu. Mai maƙala yakan karanta ta a gaban takwarorinsa, su kuma su yi mata gyara ko suka. A ƙarshe sai a fitar da takardar bayan taro mai ɗauke da shawarwari ga hukuma. Wannan takarda ita ce mahaɗar zauren taro da ajin makaranta, domin da ita ake kafa hujja idan aka zo tsara manhaja ko kafa doka.

2.2 Tasirin Taruka ga Rayuwar Naƙasassu

Tarihi ya nuna cewa abin da masana suka yanke a zaure yana iya gyara rayuwar naƙasasshe, yana kuma iya ɓata ta. Misali na farko shi ne taron malaman kurame da aka yi a birnin Milan na Italiya a 1880. Wakilai 164 ne suka halarta, kuma kusan dukkansu masu ji ne. Sun yanke cewa koya wa kurma magana da baki da karanta motsin leɓe ya fi koyar da shi da hannu. Sakamakon haka aka kori maganar hannu daga makarantu da yawa a Turai da Amurka, kuramen malamai suka rasa aikinsu, yara kuma suka ɓata shekaru suna koyon furta sautin da ba su taɓa ji ba. Sai a 2010, wato bayan shekara 130, wannan jerin taruka ya zauna a Bankuba ta Kanada ya janye hukuncin tare da nuna nadama. Wannan tamkar aski ne a bayan mai kai.

Misali na biyu shi ne taron Salamanka a ƙasar Sifen a watan Yuni na 1994, wanda hukumar UNESCO ta shirya tare da gwamnatin ƙasar. Wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 sun amince cewa makarantar unguwa ce ya kamata ta karɓi kowane yaro, a gyara makarantar ta dace da shi maimakon a ware shi. Wannan ra'ayi ya shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta haƙƙin naƙasassu ta 2006, wadda Nijeriya ta tabbatar a 2010. A watan Janairu na 2019 kuma aka sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020.

2.3 Fasahar Koyarwa da Kafafen Sada Zumunta

Fasahar koyarwa tana nufin duk wani kayan aiki ko dabara da ake amfani da ita domin sauƙaƙa koyo, tun daga allo da rediyo har zuwa kwamfuta. Ga makaho, babbar fasaha ita ce rubutun da Louis Braille ya wallafa a Faransa a 1829, inda ake haɗa ɗigo 6 ta hanyoyi daban-daban a karanta da yatsa. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953. Daga baya aka sami manhajojin da suke karanta rubutun kwamfuta da murya, kamar JAWS da ake saye, da NVDA da ta fito a 2006 kyauta.

Zuwan wayar salula Nijeriya a 2001 ya buɗe wata ƙofa. Makahon da bai iya rubutu ba yana iya aika saƙon murya ta WhatsApp, kurma kuma yana iya yin hira da ɗan'uwansa da hannu ta kiran bidiyo, abin da rediyo da tarho ba su taɓa ba shi ba. Facebook ya sami fuskar Hausa a 2016. Bayan annobar korona ta 2020, taruka da yawa suka koma intanet, ta yadda malami zai iya sauraren maƙala daga Dutsin-Ma ba tare da ya biya kuɗin jirgi ba.

2.4 Daga Zauren Taro Zuwa Kuki

Ƙasar Kuki ba ta nesa da masana. A Dutsin-Ma akwai Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, kuma asusun TETFund yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu zuwa taruka. Duk da haka, akwai shinge guda 3 tsakanin zauren taro da ajin firamare na ƙauye.

Na farko shi ne harshe. Da Ingilishi ake rubuta mafi yawan maƙalu, alhali iyayen yaron da ake magana a kansa Hausa suke ji. Ga kurame kuwa matsalar ninki biyu ce. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster ya yaɗa bayan ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Amma kuramen ƙasar Hausa suna da tasu tun tuni, wadda Constanze Schmaling ta nazarta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Ke nan yaron da ya tashi da maganar hannu ta gida, idan aka kai shi makarantar kurame ta Malumfashi ko ta Tudun Maliki a Kano, sabon harshe zai tarar. Haka nan manhajar da aka gina wa muryar Ingilishi takan gurɓata kalmomin Hausa, musamman masu ɓ da ɗ da ƙ.

Na biyu shi ne kayan aiki. Waya tana buƙatar caji da kati da hanyar sadarwa, kuma kowanne yana iya yankewa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Dutsin-Ma da Kurfi. Mai ji yana da rediyo da zai koma gare ta, amma kurman da ya dogara ga saƙon waya, shi kam an toshe masa ƙofa ke nan.

Na uku shi ne wakilci. Al'ummar Hausawa ta daɗe da tsarin da naƙasassu suke magana da bakinsu ta hanyar Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Waɗannan shugabanni sun san jama'arsu gida-gida, sun san yaron da yake zuwa makaranta da wanda aka tura bara. Taron da ya gayyace su, ya tanadi mai fassara da hannu da matakalar da keken guragu zai hau, ya sami shaidar da takardar tambayoyi ba za ta kawo ba. Ciwon da yake jikin wani, mai shi ne ya san inda yake masa zafi.

2.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa taron masana yana da nauyi, domin daga gare shi manufa da doka suke tsirowa. An kuma ga cewa waya ta rage tazarar da take tsakanin masani da ɗan ƙauye, amma ba ta kawar da shingen harshe da na kayan aiki da na wakilci ba. Saboda haka, ma'aunin da wannan bincike zai auna kowane taro da shi shi ne: wa ya yi magana a cikinsa, da wane harshe aka fitar da sakamakonsa, kuma me ya sauya a ajin da naƙasasshen yaro yake zaune? A babi na uku za a bayyana hanyoyin da aka bi wajen tattara bayanai a makarantun Kuki.